Na kira masu yashe sokawe, na kuma bi motarsu har inda ta juye

Uwargida ce ta fara lura. Tun farkon watan Yuli take ce mini idan an kora ruwa a ban ɗakin tsakar gida sai ya yi ta gurnani, ya taso har kusan baki, sannan ya sauka a hankali. Na ɗauka bututu ne ya toshe, na sa yaro ya zura waya, ba abin da ya sauya. Bayan mako biyu aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka wayi gari bayan ɗakin baƙi ya jiƙe sharkaf da wani baƙin ruwa, ga ɗoyi da ya hana mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i. Ciyawar wurin kuwa ta fi ta ko'ina a gidan tsayi da kore. Duk wanda ya san sokawe ya san abin da irin wannan ciyawa ke nufi.

A 2009 na gina gidan nan a Birnin Kebbi, ta ɓangaren da gari ke gangarawa fadama. Mu goma sha huɗu ne a ciki, har da jikoki da wani ɗan haya da iyalinsa. Sau ɗaya aka taɓa yashe ramin, a 2016, kuma da hannu aka yi. Mutum huɗu ne suka zo da dare da guga da igiya da shebur, irin waɗanda a Kano ake ce wa 'yan gidan kowa da akwai. Suka tsiyaya kalanzir wai don ya kashe wari, ƙaraminsu ya tuɓe riga ya shiga. Guga na biyar ko na shida aka ji shiru daga ƙasa. Da igiyar da ke ƙugunsa aka jawo shi, aka shimfiɗe shi a bakin rijiyata ana yayyafa masa ruwa, ni kuma ina tsaye da fitila hannuna na rawa, ina ta salati. Allah Ya sa da sauran kwana, ya farfaɗo. Ban raina sana'ar mutanen nan ba, su ne suka daɗe suna rufa wa gari asiri, amma a daren na yi wa kaina alkawarin ɗan kowa ba zai sake shiga rami a gidana ba.

Saboda haka wannan karo mota na nema. Wani tsohon abokin koyarwata da ke Gesse ya ba ni lambar waɗanda suka yi masa aiki bara. Ba zan kama sunansu ba, don akwai yabo a bakina akwai kuma suka, kuma ba na son a ce na tallata wani ko na ɓata wani.

Da na kira, mai motar ya tambaye ni abu uku: mutum nawa ne a gidan, yaushe aka yashe ramin na ƙarshe, kuma mota za ta iya zuwa ƙofar gida ko lungu ne. Da na nemi ya yanka mini kuɗi sai ya ce, “Baba, rami ba a yi mai kuɗi ta waya. Sawu muka lissafi. Sawu guda dubu arba'in, in ya ɗau biyu ka biya biyu.” Muka daidaita a kan naira 35,000 kowane sawu. Ya ce ƙarfe takwas na safiyar Asabar suna ƙofar gidana. Sai bayan azahar suka iso, ba kuma wanda ya kira ya gaya mini an samu jinkiri. Na hana kaina zuwa ɗaurin auren ɗan maƙwabci ina zaman jiransu. Wannan ya ɓata mini rai, na kuma gaya musu.

Amma da suka fara aiki sai zuciyata ta sauko. Su uku ne: direba, wanda shi ne babba, da samari biyu. Motar tsohuwar tanka ce mai cin lita 10,000, da injin zuƙa a bayanta da tiyo mai kauri kamar cinyar babban mutum, gaɓa-gaɓa ake haɗa shi. Suka ɗaga murfin siminti da ƙarfe, direban ya kore mu duka baya, ya ce ba wanda zai leƙa sai an ba ramin kamar rabin awa ya sha iska. Ya aika cikin gida a kashe murhun gawayin da ke kusa da katanga. Ɗan hayana ya zaro taba zai kunna, ya daka masa tsawa. Gaskiyarsa ce. Iskar da ke taruwa a irin wannan rami iri biyu ce ke kisa: ɗaya tana kama wuta, ɗaya kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa hanci ma yakan daina jin ta, mutum ya ɗauka wari ya tafi, sai dai a ga ya faɗi. Ita ce ta kayar da yaron nan a 2016.

Daga nan ya ɗauko wata doguwar gora ya soka a hankali har ta taɓa ƙasa, ya zaro ya nuna mini. Baƙar laka ta kama fiye da rabin goran. A saman ruwan kuma akwai wani ɓawo mai kauri kamar ƙanzo, sai da suka fasa shi da shebur. Ya ce mini ƙa'ida ita ce a kira su tun laka ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin ba, wato duk shekara uku zuwa biyar ga gida irin nawa. Ni shekara tara na yi.

A nan ne na fahimci abin da na daɗe ina kuskurewa, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Mukan ce sokawe mu haɗa komai, alhali rami biyu ne kuma aikinsu daban. Na farko tanki ne da aka shafe da siminti ciki da bai don kada ya yi yoyo, an raba cikinsa ɗaki biyu. Abin da aka koro daga ban ɗaki yana shiga ɗakin farko, mai nauyi ya kwanta, maiƙo ya taso sama, wasu ƙwayoyin halitta da ba sa bukatar iska su yi ta cin ƙazantar suna rage ta. Ruwan tsakiya ne ke tsallakawa ɗaki na biyu, daga can ya fita zuwa rami na biyu, wanda shi ne sokawe na ainihi, mai bulo da ƙofofi da duwatsu, inda ƙasa ke tsotse ruwan. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ne ya fara gina irin wannan tanki a gidansa wajen 1860, aka yi masa rajista a 1881, kuma har yau dabarar ba ta sauya sosai ba. Idan aka bar laka ta cika tankin sai ta bi ruwa ta tsallaka ta liƙe ƙofofin sokawen, ƙasa ta daina sha. Abin da ya same ni ke nan.

Injin ya tashi, tiyo ya fara motsi kamar maciji. Ruwan ya tafi cikin minti ashirin, lakar ce ta ba su wuya. Sai da suka nemi jarka goma ta ruwa daga mai kura, suna zubawa suna damawa da goran, sannan injin ya iya ja. Sau uku tiyo na toshewa, kuma duk lokacin da aka zaro bakinsa abu ɗaya ake gani: ƙunzugun jarirai na zamani, ledar ruwa, tsumma, har da buroshin goge baki. Ɗaya daga cikin samarin ya jera su a gefe ya ce in kira matan gida su gani. Na kira su. Ban yi faɗa ba, ganin ya isa.

Da suka kusa gamawa na leƙa na ga sun bar laka kamar tsawon tafin hannu a ƙasa, suna naɗe tiyo. Raina ya ba ni ha'inci ne. Na ce, “Malam, ai da saura.” Direban ya yi murmushi ya ce, “Baba, wagga iri ta. In munka share ta ƙal, ramin sai ya daɗe bai kama aiki ba. Kamar nono na, sai da tsohon tsami sabo ka kamawa.” Ya ƙara da cewa mu daina abin da mutane ke yi na zuba baƙin mai ko kalanzir ko kabayit ko maganin kashe ƙwari da yawa, domin suna kashe waɗannan ƙwayoyi masu aiki, baƙin man kuma ya bi ƙasa ya nemi rijiya. Na je na duba daga baya, maganarsa daidai take.

Shi ne kuma ya gano abu biyu da ban biya shi ya nema ba. Bututun da ke bakin fita, mai siffar ƙugiya, wanda ke hana ɓawon sama tsallakawa, ya karye ya faɗa ciki tun ba yau ba. Sannan indararon ɗakin baƙi yana zubowa daidai gefen murfin, duk ruwan rufin yana shiga tankin ta wata tsaga. “Wanga rami ba cika kaɗai ya yi ba,” in ji shi, “ruwan sama ka shiga cikinai.” Sai ya dubi rijiyata ya auna da ƙafa daga sokawen. Taku goma sha ɗaya. Bai ce komai ba, ya dai dube ni. Jami'an lafiya mita 30 suke so tsakanin rijiya da ramin ƙazanta, in wuri ya yi ƙaranci a ƙalla 15.

Da tankar ta cika za su tafi juyewa, na tambaye shi ina suke kaiwa. Ya ce, “Baba, kai ne na hwarko da ya taɓa tambayata wanga abu.” Na ce to yau zan ma bi ka.

Dalilina yana da tsawo, kuma daga Ikko ya faro. A can aka haife ni, a barikin 'yan sanda na Obalende, inda mahaifina ya yi aiki. Obalende tsohon mazaunin Hausawa ne, tun zuriyar dakarun da Kyaftin John Glover ya fara tarawa a 1863. Lokacin ƙuruciyata gidaje da yawa a tsibirin Legas masan bokiti suke amfani da shi: ɗan ɗaki da bokiti a ƙarƙashi, da wata ƙaramar ƙofa ta baya da ke buɗewa cikin lungu. Cikin dare masu kwasa ke zuwa, Yarbawa na ce musu agbepo, fuska a rufe da ƙyalle, guntuwar tsintsiya a hannu, bokiti a ka. Yara kan tsokane su, uwata kuwa ta hana mu, takan ce wanda ya ɗauke maka abin da kai ba ka iya ɗauka ba abin dariya ba ne. Da gari ya waye gida fes. Ban taɓa tambayar ina bokitin ke zuwa ba sai da na girma na zama malamin tarihi.

Tsibirin Legas yashi ne da fadama, ƙasarsa kusan daidai take da ruwan da ke kewaye da ita. Aworawa, wani reshe na Yarbawa, su ne suka gangaro ta kogin Ogun daga Isheri suka zauna a Ebute Metta da Iddo, suna su, suna tsallakawa tsibirin noma. Fadar sarkin Legas ma, Iga Idunganran, sunanta daga gonar barkono ya samo asali. Daga baya daular Benin ta kafa sansanin yaƙi a wurin, daga nan sunan Eko ya fito, wanda bakinmu ya mayar Ikko. Turawan Fotugal, da suka iso gaɓar tun wajen 1472, su suka ce Lagos, wato tafkuna. Muddin garin na masunta ne 'yan kaɗan, ruwa yana ɗauke duk abin da aka ba shi. Amma cinikin bayi ya tara jama'a, Turawan Ingila suka yi wa garin ruwan wuta a 1851 suka kori Sarki Kosoko, a 1861 kuma Sarki Dosunmu ya sa hannu garin ya koma ƙarƙashinsu. Fatake suka cika shi, 'yantattun bayi suka dawo daga Saliyo da Barazil, gida ya hau kan gida. A irin wannan ƙasa idan ka haƙa masai kamu kaɗan za ka tarar da ruwa, kuma ruwan nan shi ne na rijiyar maƙwabcinka.

Don haka aka koma bokiti. Gwamna William MacGregor, wanda likita ne kuma ya riƙe Legas daga 1899 zuwa 1904, ya sa aka cike fadamu aka kuma haƙa magudanar da ta raba tsibirin da Ikoyi. A 1902 aka buɗe wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari da ke tsallaka gadar Carter daga Iddo, a 1906 kuma aka ƙara masa layi na musamman don jan taragun bahaya cikin dare zuwa bakin ruwa, inda ake juyewa. Jirgin fasinjan bai daɗe ba aka daina, amma na bahayan ya yi ta aiki har 1933. Dubi wannan lamari: an yi dabara, an kashe kuɗi, an shimfiɗa dogo, duk don a ɗauke ƙazanta daga gida, amma ƙarshenta cikin ruwan da masunta ke jefa taru ake zuba ta. Ruwan famfo bai zo ba sai 1915, da aka buɗe madatsar Iju. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa unguwannin da suka fi cunkoso da ƙazanta, ta yi shekaru tana kisa, har ta sa aka kafa hukumar tsara birnin a 1928 aka rushe unguwanni irin su Oko Awo. Shekara talatin ina koyar da wannan a aji, ina kallonsa a matsayin labarin mutanen bakin teku.

To mu ma a bakin ruwa muke. Birnin Kebbi a kan gaɓar fadamar gulbin Rima take, shinkafarmu da kifinmu da albasar rani duk daga can suke, Argungu ma haka. Tun da aka ƙirƙiro jiha a 1991 garin ke faɗaɗa, Badariya da Gesse da Bayan Kara suka cika da gidaje masu ban ɗakin zamani, kowanne da tankinsa a binne, kuma kowane tanki wata rana sai ya cika. Ban manta da damina ta 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 3,500, Kebbi da Zamfara na cikin jihohin da ya taɓa. Na yi jana'izar yara biyu 'yan gida ɗaya a shekarar.

Ɗana ya goya ni a babur muka bi tankar. Ba fadama ta nufa ba, tudu ta hau, muka yi tafiyar kamar minti ashirin da biyar bayan gari har wata gona da aka bari ba a shuka ba bana. Mai gonar ya haƙa dogon rami kamar kwabri a gefe, a ciki suka juye. Direban ya ce manoman tudu da kansu ke roƙonsu, don ƙasar da ta sha wannan taki geronta daban ne. Na ji daɗi da ban ga ruwa kusa ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne sun juye sun kama hanya ba su rufe ba. Ƙudaje suka taru nan take, ga wasu yara masu kiwon awaki ba takalmi suna matsowa kallo. Irin wannan laka sai an binne ta an bar ta shekara ɗaya ko biyu kafin ta zama taki marar cutarwa, domin ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa bai mutu ba. Na tsayar da su. Na ce sai an tura ƙasa. Suka yi ɗan gunaguni, mai gonar ya kawo shebur biyu, aka rufe. A hanyar dawowa direban ya gaya mini, ba tare da ya kama suna ba, cewa akwai masu motar da idan dare ya yi ko mai ya yi tsada sai su sake tiyo a kwazazzabo mafi kusa, ruwan sama ya ƙarasa aikin. Kwazazzaban garin nan kuwa kowa ya san inda suke gangarawa.

Sauran abin da zan soka ba shi da yawa, amma ba ƙarami ba ne. Samarin biyu ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ɗaya ma silifas ne a ƙafarsa, kuma da hannun nan ya karɓi ruwan sha. Na ba su sabulu da omo suka wanke, na kuma gaya wa mai motar a waya cewa takalmin roba da safa ba su kai kuɗin sawu ɗaya ba. Wata gaɓar tiyon tana yoyo, ta bar mini layi baƙi daga zaure har ƙofar gida, ko da yake sun wanke sun zuba toka kafin su tafi. Sun gutsure gefen murfin wajen ɗagawa. Ba su ba da rasit ba. Sawu na biyu bai kai rabin tanka ba, amma cikakken kuɗi suka nema, da ƙyar muka tsaya a 25,000. Jimla na biya naira 60,000, ban da kuɗin ruwan kura.

Duk da haka idan ramin ya sake cika su zan kira, kuma na ba maƙwabta biyu lambarsu. Ba wanda ya shiga rami, aikin da a 2016 ya ci dare biyu sun gama shi kafin magariba, kuma direban ya san sana'arsa, bai ɓoye mini abin da ya gani ba. Na dai gaya wa maƙwabtan su yi ciniki a kan sawun da bai cika ba tun kafin a tayar da inji, su tanadi ruwa jarka goma, su tambayi inda za a juye, in da hali su tura yaro ya bi motar.

Washegari na kira mai gyaran famfo ya sa sabon bututun fita, ya ƙara wa bututun iska tsawo ya wuce rufi, ya ɗaure bakinsa da ragar sauro. Indararon an karkatar da shi waje. Sokawen kansa birkila ya ce sai damina ta wuce za a haƙa sabo, can kusurwar gabas, nesa da rijiya gwargwadon yadda fili ya bari. Kafin nan na sa an ɗaure murfin rijiyar da kwaɗo, wanki da ban ruwan zogale kawai ake yi da ita, ruwan sha kuma daga burtsatsen masallaci yara ke ɗebowa. Jikata ta ɗauko ragowar fenti ta rubuta wata da shekara a jikin katangar da ke saman murfin, da manyan baƙaƙe, daidai inda nake alwala.